Kawu Ya Ce Ni Zan Dubi Watan Azumin Bana

Malama Tayyiba, don Allah ki agaza mini kafin Sha'aban ya ƙare.

Bara na gama digiri a fannin labarin ƙasa, na dawo gida, garinmu Zakka. Darasin falsafa ɗaya tak na yi, a aji biyu, amma ya hana ni sakat. Malamin ya tsoma sanda a ruwa, muka ga ta karye alhali lafiyarta ƙalau. Ya tambaye mu da me za mu tabbatar ba kullum ido yake yi mana haka ba.

Kawuna, Malam Badamasi, shi ke duban wata a garinmu tun ban san kaina ba, mai gari ya kai maganarsa gaba. Ban taɓa ganin mai natsuwa irinsa ba. Akwai shekarar da kowa ya ƙagu a yi salla, aka matsa masa, ya ce bai gani ba, ya shige masallaci. Yanzu yanar ido ta kama shi, ya ce bana ni zan duba.

In na ce na gani alhali silin gajimare ne fa? Jama'a su ɗauki azumi da bakina? Abin har ya wuce batun ganin wata. Ina karanta hadisi, wane ya ji daga wane, sai in ce to kunne fa? Hatta daidai da kuskure na fara tunanin ko sabo ne kawai. Ban bar salla ba. Ban gaya wa Kawu ba, kunyarsa nake ji.

Mai Tantama, Zakka

Ɗana, ka burge ni. Mai tsoron ya faɗi abin da bai tabbatar ba shi ake nema a shaida, kuma ina zaton abin da kawunka ya hango ke nan.

Malaminka bai yi ƙarya ba, ido yana kuskure. Amma da me kuka gane sandar ba ta karye ba? Fito da ita kuka yi, kuka sake dubawa. Shakkar da ke sa a sake dubawa alheri ce, ita ta sa malaman hadisi suka bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke hana mutum motsi kuwa waswasi ce. Batun daidai da kuskure, ai ga shi tsoron cutar da jama'a ya hana ka sukuni. Wannan ya fi sabo zurfi.

Ka tafi da mutum biyu masu lafiyar ido. Ka faɗi lokaci, da inda watan ya tsaya, da inda ƙahonsa ya fuskanta. In ba ka tabbatar ba, ka ce ba ka tabbatar ba. Yanke hukunci ba naka ba ne, akwai masu auna shaida a gabanka.

Kuma ka zauna da Kawu tun yanzu ka faɗa masa komai. Ba na jin tambaya za ta firgita shi. Allah ya nuna maka watan sarai, ya karɓi ibadarku.