Irin Kuɓewar Inna

Kura, 3 ga Fabrairu, 2012

Ɗalhatu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ɓeraye sun shiga tulun da na ajiye irin kuɓewar marigayiya Inna, sun cinye tas. Ɗan irin da na ba Alhaji Musbahu ya kai maka bara, shi kaɗai ya rage. Kada ka shuka shi duka, don na san ka da garaje.

Yayarka,
Asama'u

Garin Hatta, ƙasar Larabawa, 10 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki da yara. Wasiƙarki ta iso a makare, na riga na shuka duka a gefen gonar dabinon da nake wa aiki. Sha biyu suka fito. Da na ga ganyen yana ƙonewa ta baki-baki, sai na barbaɗa toka kamar yadda Inna take yi. Wani tsoho ɗan Pakistan da muke aiki tare ya duba, ya ce, “Khalas, shi ke nan, ka ƙara wa ƙasa ciwo.” Ashe ƙasar nan da ma kanwa ce da ita, ruwan rijiyar kuma gishiri-gishiri, ga babu damina da za ta wanke. In ta bushe, fari fat take yi. Saura guda ɗaya, ita ma ta langaɓe. Kunya nake ji, Yaya.

Ƙaninki,
Ɗalhatu

Kura, 29 ga Maris

Ɗalhatu,

Gaisuwa. Na yi fushi kwana biyu, sannan na tuna ni ma tokar zan zuba. Inna ƙasar Kura ta sani, ba ta taɓa ganin taku ba. Amma ka tuna yadda take tace ruwan toka? Ta huda ƙwarya, ta yi ta zuba ruwa har kaifin ya tsiyaye ta ƙasa, tokar ta zama lami. Ka gwada wa ƙasarka haka, da ruwan da kuke sha. Allah Ya taimaka.

Asama'u

Hatta, 18 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Na huda bokiti, na wanke ƙasa kwana tara, na dasa kuɓewar da ta rage a ciki. Rabin ruwan shana ita nake ba. 'Ya'ya biyu ta yi, ban taɓa ko ɗaya ba har suka bushe. Ga ƙwaya talatin da ɗaya a cikin ambulan ɗin nan.

Kada ki shuka shi duka.

Ƙaninki,
Ɗalhatu