Kwalbar da Auta ta Aiko

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɓerayen ɗakin gwajinku. Matata da yara suna gaishe ki.

Shekara shida ke nan da kika ɗebi jinina kika ce ina da ciwon hanta, irin wanda kuke ce wa C. Shekara shidan nan kuma kullum labarinki ɗaya, wai allurar da kuke haɗawa ta kusa. To ni na gaji da jin ta kusa. Kwana biyun nan ƙafafuna kumbura suke yi, in na yi wa mutum uku aski sai na nemi kujera. Jiya na kalli idona a madubin shago, na ga ya koma rawaya.

Kada ki sake ce mini asibiti. Na je sau ɗaya, layi tun safe har la'asar, a ƙarshe wata yarinya da ba ta kai 'yata ba ta ce in dawo jibi. Ina da ƙanwa mai haɗa allurar da hannunta, in je in yi layi? Ki jefa kwalba ɗaya a jaka ki aiko, ba wanda zai lura.

Ki huta lafiya.
Yayanki mai aski

*

Yaya,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali.

Na faɗa maka, bakina har ya gaji: abin da muke nema rigakafi ne, na wanda ciwon bai kama ba. Ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Kuma har yanzu gwaji ake yi. Rabin mutanen da suka sa kansu ana yi musu allurar, rabi ruwan gishiri, kwalaben duk iri ɗaya. Ni lamba kawai nake mannawa ina jerawa a firiji. Naka ciwon yana da magani, ƙwayoyi ne a asibiti, wata uku ka rabu da shi in hantar ba ta riga ta lalace ba.

Amma na san taurin kanka, irin na Baba ne. Ga kwalba nan cikin auduga. Sharaɗi ɗaya ne, kuma don Allah ka riƙe shi: likitan hanta kaɗai zai yi maka ita, bayan ya duba ka. Ka kai masa da wannan 'yar takardar da na manne, kada ka buɗe.

Ka gaida mutan gida.
Auta

*

Autar Inna, likitar gidanmu,

Gaisuwa da godiya mai tarin yawa. Kwalba ta iso, aiki kuma ya yi kyau!

Zancen likita dai ki yi haƙuri. Allura ai allura ce. Mai kemis na jikin shagona ya soka mini a minti ɗaya, ya ce ko likitan ma abin da zai yi ke nan. Takardar taki tana nan a aljihun tebur, ban buɗe ba, kin ga na cika rabin alkawari.

Washegari na ci abinci har da ƙari. Na yi wa mutum tara aski ban zauna ba. Kwalbar na ɗora ta gaban madubi, kusa da almakashi, duk wanda ya tambaya ina gaya masa aikin ƙanwata ne. Ke dai kin cika ƙanƙan da kai, shi ya sa kike ta cewa ba ta warkarwa.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Sati biyar wasiƙarka tana aljihun rigar aikina. Sau uku ina rubuta amsa ina yagawa, saboda ban taɓa jin ka cikin farin ciki irin wannan ba, na kasa zama wadda za ta ɓata shi. Wannan shirun ma laifina ne.

Ruwan gishiri na aiko maka. Ni na zuba shi da hannuna. Dabara na yi don ƙafarka ta taka ofishin likita, takardar da ke tebur ɗinka roƙonsa nake ya kwantar da kai. Na manta da mai kemis.

Shekaranjiya aka buɗe lambobin gwajinmu. Waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda aka yi wa ruwan, ciwon ya kama su kusan kai ɗaya. Shugabarmu ta karanta sakamakon, ta cire tabarau. Yau na wuni ina kwashe kwalabe daga firiji ina zubawa a kwandon ƙonawa. Aikin shekara tara, Yaya. Ko da ta gaskiyar na sato maka, da babu abin da za ta tsinana.

Ka zage ni yadda kake so, amma ka shirya. Ranar Asabar ina tafe, da hannuna zan kai ka asibiti.

Ka yafe mini.
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Matar Yayanki ce.

Wasiƙarki ta iso Laraba, ta same mu a asibiti, tun Talata yake aman jini. Ya ce in karanta masa. Na karanta a zuci, na ce kina gaishe shi. Ya yi murmushi, ya ce wa likita ba hanta ba ce, hanta ƙanwarsa ta gama da ita. Alhamis da hantsi ya cika. Sai haƙuri.

Da na je rufe shago na ga wata takarda da ya rubuta ƙarƙashin kwalbar. Sunayen mutum bakwai ne cikin masu zuwa aski, masu irin ciwonsa, ya ce musu kada su wahalar da kansu da layi, su jira allurarki. Biyu sun tambaye ni a wurin gaisuwa. In kin zo Asabar, ke za ki gaya musu.

Allah ya kawo ki lafiya.