A Riƙa Juya Baba

Yaya Lantana,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Ya Inna da ɗawainiya? Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ni ƙalau nake. Bayana ne ke ɗan ciwo, amma shekara shida ina ɗaga mutane, dole jiki ya faɗa. Kada Inna ta ji.

Kin ce kuna barin Baba kwance yadda yake don kada ku wahalar da shi. Yaya, wannan tausayin cuta ne. A gidan tsofaffin da nake aiki nan Ingila, duk awa biyu muke juya wanda ba ya motsi, in ba haka ba fata ta saluɓe ta zama gyambo. "Turn" suke cewa, wato juyawa. Da kalmar suke cewa a sha kwana, da ita kuma suke cewa layi ya zo kan mutum. Wani tsohon kafinta da nake juyawa, Mista Ackroyd, ya ce asalinta daga injin da ke juya katako ne ana sassaƙa ƙafar kujera. Ya ce, "Shekara arba'in ina aikin, yarinya, ban taɓa fizgar katako yadda kike fizgata ba." Tun ranar na sassauta hannu.

Ku ma ku bi a hankali. Ku sa filo tsakanin gwiwoyinsa, ku riƙa duba ƙugu da dunduniya. Zai yi faɗa, ku bar shi ya yi.

Yau sau goma sha ɗaya na juya iyayen wasu. Ki juya mini nawa.

Ƙanwarki,
Sa'ade