Ni Kaɗai Nake Jan Tabarmin Motar Dawaki

Hajiya Rékia, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a Lyon, domin duk wanda na sani a nan ya san mutumin da maganar ta shafa.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata talatin da huɗu. Na zo Faransa a 2005 karatun sinadarai, na gama, diflom ɗin yana nan cikin akwati ƙarƙashin gado. Na kama ɗaki a Saint-Fons, a gefen Lyon, don in kasance kusa da masana'antun da nake fatan su ɗauke ni. Hayaƙinsu dai na shaƙa, aikin ban samu ba. Wanda ya fid da ni daga zaman banza wani dattijo ne mutumin Tahoua, bari in kira shi Baba Illiassou, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ya fi shekara ashirin yana aiki a wani gidan dawaki a bayan gari, inda masu hali ke ajiye dawakinsu na gasar tsalle. Shi ya kama hannuna ya kai ni gaban patron, wato mai gidan dawakin, ya ce ni ɗansa ne, aka ɗauke ni a kan maganarsa.

Dawakin nan sun fi ni yawo. Kusan kowane mako ana loda su a remork, wato akwatin ƙarfen nan da mota ke ja, a kai su Paris ko wani gari, a dawo da su ran Litinin. A ƙasan kowane remork akwai baƙaƙen tabarmin roba guda uku, kaurinsu ya kai yatsa biyu, kowace ta yi nauyin buhun shinkafa. Fitsari yakan bi ta gefe ya kwanta ƙarƙashinsu, in an bar shi sai ya cinye daɓen, wata rana ƙafar doki ta burma ana cikin gudu a kan hanya. Saboda haka dole a fitar da su, a wanke, a shanya, a mayar. Buhu ma yana da kunnen da za ka kama. Wannan ba ta da wurin riƙo, ga santsi, ga ta manne da daɓe, in ka ɗaga gefe ɗaya sai ɗayan ya lanƙwashe ya ja ka ƙasa. Warin da ke tasowa kuwa sai ya sa ka hawaye.

Patron ya san nauyinsu. Ya manna doka a bango cewa mutum ɗaya ba ya ɗaga su, kuma akwai takardar da mu biyu muke sa wa hannu duk Litinin cewa tare muka yi.

Hajiya, kin san yadda aka rene mu. A gidanmu ba a taɓa barin babba ya ɗauki kaya ƙaraminsa yana tsaye ba. Ranar farko da na ga Baba da furfurarsa ya duƙa ya kama bakin tabarma mai fitsari, ga shi an yi masa aikin ƙaba bai daɗe ba, sai na ga kamar mahaifina ne. Na karɓe, na roƙe shi ya je ya kama tiyo ya yi wanki. Ya ƙi, na nace, ya bari. Tun daga ranar, shekara uku ke nan, ni ke ja, shi ke wankewa, mu biyu mu sa hannu. Remork huɗu ne, tabarma goma sha biyu.

A watan Fabrairu aka yi wani sanyi da ya sa robar ta sandare kamar katako. Ta ƙarshe ta ƙi ɓamɓaruwa, na dafe ƙafa na fizge ta da dukan ƙarfina. Sai na ji wani abu ya tsinke mini a ƙugu, zafi ya bi ƙafata ta hagu har babban yatsa. Na durƙusa cikin ruwan fitsarin na daɗe. Baba yana bayan rumfa da tiyonsa, bai gani ba. Na tashi na ƙarasa aikin. Da patron ya ga ina ɗingishi ya tambaya, na ce lafiya lau, kamar yadda kowannenmu zai ce.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na hau jirgi zuwa Paris wurin yayata Aïcha, mai sayar da atamfa a Château Rouge. Ita ma ban gaya mata asalin abin ba. Ta yanke hukunci nan take cewa sanyi ne ya shige ni saboda ba ni da mata. Ta kai ni wurin wani wanzami a wani ɗan ɗaki saman shagon mahauci, ya kafa mini ƙaho bakwai, ta ƙara mini da man zafi daga kasuwar Barbès. Kwana uku na ji dama, na huɗu ciwon ya dawo.

Yanzu wata huɗu ke nan. Ƙafar jan ta nake yi. Silifa takan zame mini in yi taku biyu ban sani ba. Ruku'u ya gagare ni, a zaune nake salla, a ɓoye cikin ɗakin ajiye sirdi, har Baba ya fara yi mini nasiha a kan sakaci da jam'i. Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubuta miki, ke uwa ce. Kwana goma ke nan fitsari ba ya fita yadda ya kamata, kuma wurin zamana ya yi kamar ba jikina ba. Duk da haka ran Litinin da ta wuce na ja duka goma sha biyun.

Ga inda na maƙale. In na je likita za a tambaye ni yadda aka yi, a rubuta haɗarin aiki, patron ya gane cewa shekara uku Baba bai taɓa tabarmar nan ba kuma yana sa hannu. Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya, patron kuwa dama ya fara ƙorafin ya yi nauyin jiki. In aka kore shi yanzu, wa zai ɗauki tsoho? In ce a matakala na faɗi? Ko in daure har ya gama? Ina jin tsoro ƙwarai, Hajiya. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, in ya ce mini sannu da tiyo a hannunsa, haushinsa nake ji har cikin raina.

Ɗanki,
Mai Jan Tabarma, Saint-Fons

Ɗana, wa alaikumus salam. Na tsallake wasiƙun da suka riga taka isowa, domin taka ba ta jira. Na karanta wa wata likita ɗiyar ƙawata a nan Paris abin da ka rubuta a kan fitsari da mutuwar wurin zama. Ta ce alamar jijiya ce da aka danne, kuma irin wannan ba a kwana da shi, don abin da ya mutu ba lallai ya dawo ba. Saboda haka da ka gama karanta amsar nan ka tafi sashen gaggawa na asibiti, yau, ba gobe ba. Ka faɗi komai, har abin da kake jin kunya, ka kuma faɗi yadda aka yi. Maganar matakala ka bar ta. Ƙarya ce, kuma za ta hana ka haƙƙinka ranar da za ka fi buƙatarsa.

Ban ga laifin tarbiyyarka ba, Allah ya saka wa waɗanda suka rene ka. Amma aikin mutum biyu ne ka ɗora wa bayanka, ka rufe da sa hannu a kan abin da ba a yi ba, kuma ka yanke wa dattijon hukunci a kan abin da ya shafe shi ba tare da ka ji ta bakinsa ba. Shi ma yana da nasa kason. Babba ne, ya fi ka sanin nauyin robar nan, ya ga ɗingishinka wata huɗu. Ina zaton tsoro ne ya rufe masa baki kamar yadda kunya ta rufe naka, don haka haushin da kake ji ba abin mamaki ba ne. Patron kuwa, wanda ya manna doka ya shekara uku bai leƙa ya ga ko ana bin ta ba, ba shi da bakin cewa shi kaɗai aka zalunta.

Na tambayi wanda ya san aikin. Ya ce masu hankali ba sa ɗaga tabarmin nan, sukan damƙe bakinsu da matsen ƙarfe, su ɗaura igiya su ja a ƙasa, wasu ma su yanka kowace gida biyu. Wannan shi za a nema daga patron. Amma kai dai ka gama da jan su.

Baba Illiassou ya ji daga bakinka kafin ya ji daga bakin patron, ko da ta waya ce daga gadon asibiti. Sannan ku nemi ƙungiyar ƙwadago ta tsaya muku. Wata huɗu bai rufe maka ƙofar bayyana haɗarin ba, kana iya yi da kanka in patron ya ƙi. Shi kuma Baba ya nemi ganin likitan ma'aikata da takardun aikin ƙabarsa, mai yiwuwa a rubuta masa aiki mara nauyi har ya gama. Na ce mai yiwuwa. Ba zan rufe ka ba, yana iya shan gargaɗi, yana iya rasa aikin ma.

Sai dai wata goma sha huɗun da kake so ka ba shi, ba ka da su. In ka yi shiru ƙafar ta mutu, asirin zai tonu duk da haka, kuma a lokacin ba ka da ƙarfin tsaya masa. Aiki in ya rasa, jama'a za su iya haɗa kai su riƙe shi shekara guda, ni ma zan yi magana da mutanenmu na nan. Amma babu wanda zai iya sauke masa nauyin sanin cewa ka nakasa don ka rufa masa asiri, da shi zai koma gida ya ƙare kwanansa. Kada ka yi masa wannan.

Tashi ka tafi, ɗana. Allah ya ba ka lafiya, ya tsayar da kai a kan ƙafafunka biyu, ya rufa wa dattijon asiri.

Hajiya Rékia