Likita Ya Yi Muna Rifa

Litinin, 4 ga Maris

Maigidana Jelani ya bar man wayatai da za shi kai albasa Kudu, ya gwada man wurin dannawa in yi magana ta aje. To ga ni ina yi, tunda ba ni da wanda za ni hwaɗa ma. Yaron ga kwana huɗu jikinai zahi, tahin hannunai ya yi hwari hwat. Sauron kanal ɗin ban ruwan garin ga ne. Inna Kaltume, uwar Jelani, ta goya shi munka tahi ƙaramin asibiti. Likita ya rubuta takarda, yac ce ya yi muna rifa. Nic ce to. Ban tambaya ba, Inna na tsaye.

Talata, 5 ga Maris

Inna ta ninke takardar ta jehwa cikin kwano, wai a jira Jelani. Ni mi za ni cewa? Ɗan hwari ne. Ba ni kiran sunanai, ba ni ɗaukar shi gaban manya, balle a ga na damu. Haka anka tashe mu. Na share gida sau ukku. Tuwo ya ƙone.

Laraba, 6 ga Maris

Na zare takardar, na kai ma Malama Sa'adiyya mai koya Turanci hiramare. Nic ce, "Malama, mi a rifa?"

Tac ce Turancin ofis ne. In abu ya hi ƙarhin mutum, sai ya tura ka gaba ga wanda ya hi shi. Alƙali na yi, hedimasta na yi. Ko ɗalibi ya koma littahi ya tabbatar da abu, ita ce dai. "Amma ta likita ba ta kwana, Bara'atu. Jini ne ba ya da, Sakkwato anka tura ku. Yaushe anka ba ki?"

Nic ce shekaranjiya. Sai ta aje alli.

"Ɗan wa ne?"

Nic ce na Inna ne.

"Inna ta haihe shi?"

Na dawo ina maimaitawa bisa hanya, rifa, rifa, kar ta ɓace man. Yaron ya ƙi kunu.

Juma'a, 8 ga Maris, Sakkwato

Jiya da sahe na ɗauke shi na goya, tsakar gida, gaban kowa. Inna tac ce, "Yau kunya ta ƙare ke nan?" Nic ce, "Inna, rifa ba ta kwana, ta kwana ukku." Kamin in kai bakin titi ga ta baya da mayahi da buta, tana hwaɗa.

An sa mai jini. Ɗazu ya kama yatsana, ya ce ruwa.

Da nas ta tambayi sunan yaro, Inna na nan kusa, ita ya kamata ta amsa. Ban san ya anka yi ba, bakina ya riga ta.

Yusha'u.

Sau biyu na hwaɗa. Wurin akwai hayaniya, ƙila nas ɗin ba ta ji na hwarko ba.