Tagar da Na Fasa Domin Zabuwarki

Garin Hajj Abdalla, farkon tsinkar auduga, 1964

Zuwa ga Hannatu, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya wuni a rana. Ya ke matata, ina gaishe ki gaisuwar gajiyayye wanda bai gaji da ke ba. Yaya jikin naki? Yaya Baba da mutanen Dinder?

Na gaji, Hannatu! Tun da kinka tafi gida goyon ciki a farkon damina, Allah Ya ba mu ɗa Ya karɓi abinSa kafin suna, ban ji daga bakinki ba. Masu zuwa kasuwa sun ce kina zaune bakin ƙofa, a gaishe ki ki amsa da ka. Na so in zo, amma kin san hawasha: gonar da aka ba ka amana, in ka juya mata baya ranar ruwanka, sai a ba wani. Ni ko ƙafata cikin laka, zuciyata kan hanyar Dinder.

Ban san me ake ce wa uwa a irin wanga hali ba. To bari in ba ki labarin zabuwarki, shukar nan wadda Larabawa ke kira sabbar, wadda kinka bari cikin kasko kinka ce in kula da ita.

Kin tuna ranar da lauje ya yanke ni muna yankan dawa? Kinka tsinko ganyenta mai kauri, kinka tsaga, kinka shafa mini ruwanta, sannan kinka ce in lasa wai zuma ce. Wayyo ɗaci! Kina dariya har mayafinki ya zame. Ina wannan dariyar take yau, ya tauraruwar asubata? Wace iska ta ɗauke ta?

Da farko na ajiye kaskon gindin randa, a lungun da ya fi sanyi. Ni mai ban ruwa ne, abin da hannuna ya sani ke nan, sai na riƙa shayar da ita safe da yamma. Ganyen ya koɗe, ya yi tsawo siriri yana miƙewa wajen ƙofa, gindin ya fara laushi yana wari. Na tsorata. Na fitar da ita tsakar gida, rana mai zafi ta ƙarshen damina ta gasa ta, ganyen ya yi ja kamar garwashi, bakinsa ya bushe. Na mayar da ita ƙarƙashin rumfa, jakin yayana Yakubu ya ture kaskon ya fashe. Na durƙusa ina tattara ƙasa da hannu, sai ga hawayen da ban zubar ba ranar da saƙon mutuwa ya zo.

A haka Iya Kulu, tsohuwar da ke makwabtaka da mu, ta iske ni. Ta ce, "Abdussalami, wagga ba auduga ba ce. Ka cire ruɓaɓɓen, ka sa mata rairayi, ka bar ta ta ji ƙishi. Ranar safe take so, ba ta azahar ba."

Ranar safe! Ina zan same ta a ɗakinmu mai ƙofa yamma? Na yi ta yawo da sabon kasko kamar mai talla, daga kan adaka zuwa gindin gado, daga bakin ƙofa zuwa kan turmi, babu inda haske ke sauka da hantsi. Da bango ya gama bushewa bayan damina sai na ɗauko diga na fasa taga ta gabas. Yakubu ya zo a guje yana cewa, "Ɗakin da Baba ya gina za ka rusa saboda ciyawa?" Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, ajiyar Hannatu ce." Ya kalle ni, ya juya ya tafi. Da la'asar sai ga shi da katako, shi ya kafa mini bakin tagar.

Yanzu tana zaune a can. Rana na gaishe ta da safe, kafin zafi ya yi ƙarfi ta wuce. Ganye uku sunka rage, masu tabon ƙuna, amma shekaranjiya na ga wani ɗan kore ya leƙo daga tsakiya. Ban yi murna da ƙarfi ba, ina tsoron murna yanzu. Na dai zauna bakin gado ina duban hasken da ya kwanta kan tabarmarki, kan tasoshinki da ƙura ta rufe. Ashe haka ɗakinmu yake da kyau? Me zai amfane ni in ke ba ki gani ba?

Ya kurciyata, ya furen kuka mai buɗewa a ɓoye, ba zan ce ki dawo gobe ba. Ba zan ce ki daina kuka ba. Ina roƙonki abu guda: kada ki ɗauki wanga nauyi ke kaɗai, ɗana ne ni ma. Yakubu ya yarda zai riƙe mini hawasha bayan tsinka ta biyu. Zan hawo lorin Alhamis. In ba ki son magana, sai in zauna gefenki mu yi shiru tare. Ki dai sa a nuna mini inda aka kwantar da shi, domin akwai sunan da na tanada masa tun yana ciki, ban faɗa wa kowa ba. Alhasan. Ina so ke ki fara kiransa, ni in amsa da amin.

Ni ne naki, wanda ba zai sake ki ba a daɗi ko a ɗaci, har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Mijinki,
Abdussalami