Kunyar da Ba Ka Ƙirga Ba

Gaya, ranar Laraba, cikin zafin bazara.

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar tsamiyata idan rana ta take, ruwan randata bayan doguwar tafiya, malamin gona na Ajingi kuma malamin zuciyata, Mudassir. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ko da kai ka hana ni nawa amincin.

Ka ga na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro. Shekara biyu ina ce maka Malam a gaban mutane, ina ce maka Malam a bayan idonsu, sunan yana zuwa bakina yana komawa. Yau na rubuta shi, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo mini ba. Wayyo ni Zulfa, da na san abin bai fi haka wuya ba, ai da ban kai kaina inda nake yanzu ba.

Kwana arba'in da tara ke nan rabona da muryarka. Saƙonka na ƙarshe yana nan a wayata, na karanta shi har na haddace inda ka sa waƙafi: “Na gani, Dakta. Allah ya sanya albarka.” Dakta! Ni ce Dakta a bakinka yau? Ina “'yar Fulani mai tsoron gwazarma” ta tafi? Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi, don zagi ana rama shi, amma wa ya taɓa rama girmamawa? Tun daga ranar, rahoton gonakin gwaji ta hannun Dakta Muzammil abokin aikina yake isowa gare ni, a tsare, babu kuskure ko ɗaya, babu gaisuwa ko ɗaya.

Na san abin da ka gani. Ranar da ƙungiyar Gamayya ta amince da tallafin aikinmu na shekara uku, ta aika wa kowane ma'aikaci kwafin takardun da na cike, kai kuma da ba ka tsallake layi sai da ka kai shafi na goma sha ɗaya. A nan suka tambaye ni, a matsayina na shugabar ɓangaren Najeriya, ko akwai dangantaka ta jini, ko ta aure, ko ta soyayya tsakanina da wani daga cikin masu aikin. Akwati biyu ne, na e da na a'a. Na sa alama a kan a'a, na sa hannu a ƙasa. Ban musa ba, hasken raina, ni na yi, da hannun nan da nake rubuta maka.

Wani lokaci sai in zauna ina mamakin Gamayyar nan. Ƙungiya ce da ba ta ba mai bincike tallafi shi kaɗai, sai ya nemo abokan aiki daga wasu ƙasashe sun haɗa kai. Ita ta haɗa ni da Adama na Bamako mai irin dawar da ƙuduji, wato wuta-wuta, ba ya iya ci, wanda na shekara ina rubuta masa imel ina zaton mace ce, har ranar da fuskarsa ta bayyana a kwamfuta da gemu har ƙirji, kai kuma ka fita waje don kada ya ji dariyarka. Ita ta haɗa mu da masu ɗakin gwaji na Turai da ke bincika ƙwayar irin. Ita ta sa na zo Ajingi neman malamin gona da ya san manoma, aka nuna mini kai kana gyaran babur a bakin ofis. Ta ɗinke Bamako da Turai da Gaya a takarda ɗaya, sai ga shafi guda na takardar ya raba Gaya da Ajingi, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba.

Ka tuna gonar Malam Maiwada a Kademi, daminar bara? Muna bin kunyoyi ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirga ƙudujin da ya fito a kowace kunya, ina rubutawa. Na tsaya ina yaba furensa mai ruwan hoda, na ce ban taɓa ganin mugun abu mai kyau haka ba. Ka durƙusa ka tono gindin dawa da yatsunka, ka nuna mini inda ya manne wa saiwa, ka ce kafin ido ya ga furen nan ya yi makonni yana shan dawar a ƙarƙashin ƙasa. Ka faɗi haka kana kallona, ba saiwar kake kallo ba. Sau uku ka ɓata ƙirga a ranar, kai da ba ka taɓa ɓata ƙirga ba! Da hadari ya taso muka fake a bukkar Malam Maiwada, ya gasa mana masara, ya dube mu ya ce, “Ku yaran nan, wai ƙuduji kuke ƙirgawa ko kuwa dai gonar tawa ce ta yi muku daɗi?” Na ja mayafi na rufe fuska, kai kuma ka ƙware da masara.

Tun daga ranar ka kama saiwata, ya abin begena, babu wanda ya gani. Ina cin abinci kana ci tare da ni, ina koyarwa a aji kana tsaye a ƙarshen kowace jimla. To da wane ido ka karanta a'ar nan har ka yarda da ita? Ka yarda da alama ɗaya ta biro, ka ƙaryata shekara biyu?

Na ji abin da ka gaya wa Muzammil, kada ka ga laifinsa, ni na matsa masa. Wai mai digiri uku ta ji nauyin a san tana son mai difloma. Haba Mudassir! Wannan magana ta ƙona ni fiye da shirunka, kuma ban yafe ta ba tukuna. Ni da na koyi bambanta jigawa da fadama a wurinka? Ni da nake ambaton sunanka a gaban Turawa duk lokacin da suka yaba tsabtar alƙalumanmu? In kana neman wanda ya raina diflomarka, ka duba madubi, don ni ban taɓa auna ka da takarda ba.

Ga gaskiyar, ka karanta ta a hankali. Takardar nan ba daga hannuna take tashi zuwa Turai ba. Sai ta bi ta teburin shugaban sashenmu ya sa hannu, shi kuwa abokin Baffa Tukur ne tun suna makarantar allo, duk sallah a zaurenmu yake cin tuwo. Baffa shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya sayar da shanunsa ya kai ni jami'a lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. A lokacin bai san da kai ba, don mun ce sai an gama girbi magabatanka su zo, girbin ya wuce muka ce sai Gamayya ta ba da amsa. To ta yaya zan rubuta wa baƙi a wata ƙasa cewa ina son namiji, alhali mutumin da ya raine ni bai ji ba? Ta yaya zan bari ya tsinci zancen a bakin abokinsa? Na riƙe biron nan tun azahar har aka kira la'asar. Kai da ka ƙirga kunyoyin Balan da Kademi da Ajingi ba ka tsallake ko ɗaya ba, kunya ɗaya ce ta wuce ka, wadda aka haife ni da ita.

Ban ce na yi daidai ba. Ƙarya na yi, kunya kuma ba ta wanke ta. Da shirunka ya kai wata guda, na ga in ban buɗe baki ba zan rasa ka ina ji ina gani. Na sami Goggo Hanne, ƙanwar Baffa, tana tsince wake a tsakar gida, na zauna ina taya ta, na faɗa mata komai kaina a sunkuye. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Yo malamin gonan nan mai jan babur? Ke kaɗai ce ba ki san mun sani ba.” Na rasa inda zan sa kaina. Ita ta kai maganar ga Baffa, ni kuwa kwana uku ina zagaye ta bayan gida don kada mu haɗa ido.

Da Baffa ya ji, sai na rubuta wa Gamayya na ce amsar da na bayar a shafi na goma sha ɗaya ba gaskiya ba ce. Suka kira ni taro ta kwamfuta, mutum huɗu, kowa a ƙasarsa. Wata dattijuwa mai furfura da ke shugabantar kwamitin ta tambaye ni cikin taushin murya me ya hana ni faɗa tun farko. Ta ce da na sa e, abin da za su yi kawai shi ne su ɗora wa wani duba aikinka maimakon ni, shi ke nan, babu wanda zai rasa komai. Ka ji fa! Babu wanda zai rasa komai! Na buɗe baki in yi mata bayanin kunya da Turanci, duk kalmar da na ɗauko sai ta fito kamar tsoro ko kamar laifi. Haka suka rubuta shi.

Ranar Litinin amsarsu ta zo. Aikin zai ci gaba, alhamdu lillahi, manoma ba za su rasa iri ba, kai ma kana nan a matsayinka. Ni ce aka cire. Muzammil zai karɓi shugabanci, sunana ba zai fito a kan abin da za a wallafa ba, kuma shekara uku ba zan nemi komai a wurinsu ba. Ban ga laifinsu ba, masu ba da amana daga nesa ba su da abin riƙewa sai maganar mutum. Amma ya yi mini ciwo, masoyina, ya yi mini ciwo ƙwarai. Shekara shida nake bin ƙuduji, tun ina ɗaliba. Adama ya kira ni daga Bamako yana haɗa Faransanci da guntuwar Hausarsa, yana ta cewa “haƙuri, 'yar'uwa.” Jiya na miƙa wa Muzammil buhunan irin da ya aiko, da littattafan gona, da makullin ɗakin ajiya. Na koma mota na yi kuka har direba ya kashe rediyo.

Kada ka ɗauka na lissafa maka wannan don ka ji tausayina. Ba na son tausayinka, wanda ya zo don tausayi yakan koma idan hawaye ya bushe. Na faɗa maka ne don ka san cewa amsar da ke cikin takardun Gamayya yanzu e ce, an rubuta ta da harsuna biyu, tana ajiye a ƙasashe uku. Wace mace ce a duk faɗin Gaya aka taɓa ajiye shaidar soyayyarta a nisa haka?

Abin da ke hana ni sakewa shi ne wannan. Da, ko kana fushi, ina da hujjar zuwa Ajingi. In ce zan duba turakun gwaji, in ce zan ga manoma ranar kasuwa, in hango ka ko daga nesa kana yi wa wani tsoho bayanin taki da hannuwa biyu. Yanzu ba ni da gona, ba ni da littafi, ba ni da dalilin hawa motar Ajingi. Damina za ta sauka, dawar Adama za ta tsiro a Kademi, kai za ka bi kunyoyi kana ƙirga, wani ne zai riƙe maka biro. Hanya ɗaya ta rage tsakanina da kai, ita ce wadda ta bi ta zauren Baffa, kuma ba ni ce zan taka ta ba.

Baffa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce wa Goggo shi ne, “In yaron da gaske yake, manyansa su zo kafin a yi shuka, don in ruwa ya sauka babu mai lokacin zama.” Juma'a biyu ke nan yana sa a share zaure a shimfiɗa sabuwar tabarma bayan an sauko daga masallaci. Yana zama da carbinsa har la'asar, sannan ya naɗe tabarmar da kansa ya shigo. Ba ya tambayata komai, yana zaton na isar maka da saƙonsa, ni kuwa sai yau na iya. Jiya na ji shi yana ce wa Goggo a hankali, “Shiru dai?” Mudassir, na tsaya a gaban Turawa huɗu na amsa ƙaryata ban mutu ba, amma kalmomin nan biyu sun kusa kashe ni.

Ya ruwan farko a kan busasshiyar ƙasata, ka yi fushi, ka isa, amma kada fushinka ya wuce shuka. Yau da hantsi na ga gajimare yana haɗuwa ta gabas, iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa, maƙwabtanmu sun fito da iri suna shanyawa. Ban taɓa tsoron hadari ba sai bana. Duk manomin Gaya yana ɗaga kai yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake roƙon Allah ya ɗan jinkirta shi, ina kuma neman gafararsa a kan wannan roƙo.

In kun zo, ka zo da fushinka gaba ɗaya, za mu zauna mu tsince shi tare har ya ƙare. In ba ku zo ba, ba zan aiko kowa ya roƙe ka ba, kuma ba zan janye abin da na faɗa ba, ko a gaban Baffa ko a gaban Gamayya. Na riga na ce ina son ka a inda ba a gogewa. Jibi Juma'a ce, Baffa ya riga ya aika a sayo goro.

Taka a bana, taka a baɗi, taka ko zauren ya cika ko ya wuni babu kowa,

Zulfa